Taragan da Suka Ƙi Kuka

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da Yaya da yaransa. Yaya gwiwar taka? Ina fata ka daina hawa tsani da kanka, ko da yake na san amsar tun kafin ka ba ni. Ni lafiyata ƙalau, na sauka ba wata matsala.

Duk sanda jirgin ƙasan da Kawu Direba ke tuƙawa zai bi ta wajenku zan riƙa ba shi takarda, tunda waya ba ta yi mana rana. Ni in yi ta kwarara ihu, kai ka yi ta cewa to, maƙwabta su kwashe labarina tsaf, kai kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga ba.

An ba ni ɗaki a gidan ma'aikata, tagarsa na kallon gangaren da jiragen kaya ke saukowa kafin su shiga yadi, filin da ake ajiye taragai ana gyara su. Ranar da na iso, ina cikin kwance jaka wani dogon jirgi ya taka birki a wurin. Baba, har cikin haƙorana na ji shi. Na saki jakar na toshe kunnuwa, sai kuma kunya ta kama ni, da na tuna a gindin ƙafafun taragan nan ka ƙare ƙuruciyarka kana duba birki, ko auduga babu a kunnenka, har ƙarar ta cinye maka ji. Ban taɓa faɗa maka baki da baki ba, amma saboda kai na nace sai an ba ni aikin nan.

Bari in yi maka bayaninsa, ko Inna ta daina gaya wa mutane wai gyaran jirgi nake yi. Ka fi ni sanin takalmin birki, curin ƙarfen nan da ke matse ƙafar tarago, da yadda yake kuka idan fuskarsa ta goge ta yi santsi. Abin da ba mu tabbatar ba shi ne wa ke fara kukan: takalmin ne ke karkarwa, ko ƙafar, ko maratayin da ke riƙe da shi. Zan manna ƙananan na'urori a jikin kowannensu, in kafa makirufo a gefen layi, a sako tarago a gangare a taka birki. Sai kukan ya zo na kama shi tukuna za a san abin da ya kamata a canza. An ara mini taragai uku da suka yi suna wajen ihu, zuwa ƙarshen wata. Ran ƙarshe Shugaban sashenmu zai zo ya gani da idonsa. In ina da abin nunawa, bincike ya ci gaba. In babu, a rufe shi, taragai su koma dako, ni in koma bayan tebur.

Na kai gaisuwarka wurin Foman, babban ma'aikatan yadi, wanda ka ce kai ka koya masa riƙon sifana. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya tambayi lafiyarka, sannan ya tambaya wa ya zaɓa mini taragan nan. Na ce abokin aikina ne. Ya yi wani gyaran murya ya wuce. Gyaran muryar nan bai kwanta mini ba.

Abokin aikin nawa kuwa mutanen yadi sun riga sun sa masa Ɗan Gayu, don da farin takalmi yake shiga cikin baƙin mai. Shi ma ya nemi aikin nan, ni aka ba. Tun da muka zo fara'arsa ta yi yawa, yana ta rige-rigen ɗaukar mini akwatin kaya. Ina kallonsa dai.

Jiya na ga ma'aikata sun baje kayan aikinsu, sai na tuna magagarinka na goge ƙarfe da ke rataye bayan ƙofa, mai ƙonanniyar ƙotar nan da na tura cikin murhu ina yarinya don in ga ko ƙarfe zai yi ja. Na san har yau da sauran fushin.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kowa yana lafiya. An ce ƙaramin Yaya ya yi zazzaɓi, ina fata ya warware. Amsarka ta iso ni, layi biyu kamar yadda ka saba. Ka ce wanda ya ɗora mini taragan da suka fi kuka, kuma ya gayyato manya su zo su ji, ba masoyina ba ne. Da na karanta dariya na yi, na ce Baba da zargi. Yanzu dariyar ta koma ciki.

Baba, taragaina sun ƙi kuka.

Na kwana biyu ina manna na'urori a tarago na farko, na ja wayoyi, na gwada komai. Da safe aka sako shi a gangare, aka taka birki, ya zo ya tsaya gabana sumul kamar amarya. Muka maimaita, muka ƙara masa kaya, muka sauya gudu, ko tari bai yi ba. Taragon da ma'aikata suka ce yana tashin jarirai a unguwar da ke bayan katanga. Ɗan Gayu ya ce wataƙila raɓa ce ta jiƙa ƙafar. Muka jira rana ta take, shiru. Na koma kan na biyu, shi ma da ranarsa ta zo ya yi mini irin ta ɗan'uwansa.

Sai na shiga ƙarƙashi da tocila, abin da ya kamata in yi tun farko. An bi gefen kowane takalmi da magagari an sassabe shi, an kankare santsin fuskar, garin ƙarfe sabo fil yana ƙyalli a kan duwatsun layi. Na san aikin nan, domin kai ka sha ba mu labarinsa: in aka ce masu duba aiki za su zo daga ofis, ku bi taragai ku gyara musu baki, su yi shiru na ɗan lokaci har baƙi su tafi, daga baya kuka ya dawo yadda yake. Yankan ma irin naka ne, a karkace daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa ban yi wahalar neman mai hannun ba. Ɗalibinka ne, Foman.

Na tara ma'aikatan na tambaye su. Kowa ya ɗaga kai yana duban sama kamar an ce hadari ya taso. Na sami Foman shi kaɗai, na yi masa bayani a hankali, cikin ladabi, cewa kukan nake nema, takalmin da aka sassabe ba shi da amfani a wurina har sai ya sake gogewa, ni kuwa ba ni da lokacin jira. Ya saurare ni har na gama, ya ce to. Irin to ɗin da kake yi mini a waya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne dalili. Me na tsare wa mutumin nan? Ko dai bai iya haɗiye ganin mace, 'yar cikinsa, tana nuna inda za a ajiye tarago ba? Ko sa shi aka yi? Shekaranjiya na hango shi da Ɗan Gayu a bayan rumfar gyara, da suka gan ni suka rabu. In bincike ya mutu a hannuna, ka san hannun da za a miƙa wa shi baɗi. Har Kawu Direba ma ban bar shi ba. Ranar da ya kawo amsarka na ga wani dogon abu naɗe da takarda a hammatarsa, na tambaye shi cikin wasa ko tsarabata ce, ya ce saƙon wani ne, ya yi cikin yadi da sauri, shi da ba ya sauri ko jirgi zai bar shi. Na zama mai zargin kowa, kuma ba na jin daɗin kaina a haka. Ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Saura tarago ɗaya da ba a taɓa ba, shi ne duk abin da ya rage mini. Na sa an tura shi can ƙarshen yadi, layin da ake jibge waɗanda ke jiran gyara, na ce ma na fasa amfani da shi. Ba zan manna masa komai ba sai da safiyar ranar da Shugaba zai zo, a yi gwajin a gabansa. Ban gaya wa kowa ba, har Ɗan Gayu. Kai kaɗai ka sani, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Inna da su Yaya.

Taka har kullum,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da dukan mutanen gida. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yin sa. Za ka ga na liƙe ambulan da gam har ta baya, zan gaya maka dalili.

Na ga amsarka. Ka ce in kwantar da hankalina, a duk zamanka a layin dogo ba ka taɓa ganin an wulaƙanta mutum don taragonsa ya yi shiru ba. Na san lallashina kake yi, na kuma gode, amma ni shirun ne zai wulaƙanta ni.

Jiya da sassafe wani abu ya ce mini in je in leƙa taragon nan na uku. Tun daga nesa na ji sautin, ƙarfe yana cin ƙarfe, a hankali, irin na wanda ya san abin da yake yi. Da na zagayo sai ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashi. Foman ne. Yana kan takalmi na ƙarshe, sauran duk ya gama da su. Da ya gan ni bai firgita ba, ya jefa abin da ke hannunsa cikin jakarsa, ya fito yana karkaɗe riga, har da yi mini ina kwana.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗa masa abubuwan da tarbiyyarka ba ta yarda in faɗa wa sa'an kawuna ba, ma'aikata suna taruwa suna ji. Na tambaye shi wa ya aiko shi, me aka yi masa alkawari. Ya sunkuyar da kai ya bar ni na yi ta yi. Shirun nan nasa ya fi komai ƙona mini rai, domin marar gaskiya ma yakan yi ɗan musu.

Daga nan ofis na wuce na kai ƙararsa a rubuce, na ce da gangan ya lalata kayan gwaji har sau uku. Kafin azahar an dakatar da shi, an karɓe jakar kayan aikinsa, an ce ya jira zuwan Shugaba. Na ga fitarsa ta ƙofar yadi hannu biyu babu komai, ma'aikata suka bi ni da wani irin kallo. Yau ko mai amsa mini sallama babu. Ban damu ba. To, na ɗan damu, amma shi ya ja wa kansa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ta yaya ya san taragon nan ne? Ban faɗa wa kowa ba. Ɗan Gayu ya rantse mini bai sani ba, har idonsa ya yi ja, ya ce ranar da na gan su roƙon Foman yake yi ya sa ido a kan taragan. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Wuri ɗaya maganar ta fita daga cikina, a takardar da na ba Kawu Direba. Baba, na san amininka ne tun kafin a haife ni, a kafaɗarsa na fara ganin cikin kan jirgi. Amma ka duba ambulan waccan takardar ka gani ko an taɓa buɗe shi an mayar. In ya tabbata, ban san yadda zan sake kallon fuskarsa ba.

Shugaba zai zo ran Litinin, ba ni da abin nuna masa sai taragai uku masu ladabi. Zan roƙe shi ƙarin lokaci, ko da ban sa rai ba.

Ka gaishe mini da Inna, kada ka gaya mata komai tukuna.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Yaya da yara, da fatan kuna lafiya. Gaisuwar wajibi ce, ba zan fasa ta ba duk abin da ke raina. Ba ka amsa takardata ta baya ba, kuma yanzu na san dalili.

Shugaba ya zo. Aka zauna a ofishin yadi, shi a tsakiya, ni da Ɗan Gayu a gefe, Foman a tsaye, ya ƙi zama. Aka tambaye shi ko shi ya sassabe takalman, ya ce shi ne. Aka tambaye shi wa ya sa shi, ya ce babu. Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba. Shugaba ya ce to ya sani maganar kora ake yi, ba ta dakatarwa ba, ya sa aka zazzage jakar kayan aikinsa a kan tebur.

Sifanu suka zubo, da guduma, da tsumma. Sai magagari ya gangaro ya tsaya a gabana, ƙotarsa a ƙone ta gefe ɗaya.

Baba, na daɗe ina kallonsa. Na tuna dogon abin nan a hammatar Kawu Direba. Na tuna amsoshinka guda biyu, na sake karanta su a cikin kaina, wannan karon yadda ka rubuta su. Babu wanda ya buɗe mini ambulan. Wanda na rubuta wa ne ya karanta, ya aiko da saƙo. Na ɗaga ido na dubi Foman, ya girgiza mini kai kaɗan, wai in yi shiru. Mutumin da na zage tas a gaban yaransa, yana shirin barin aikinsa don ya rufa maka asiri, ya rufa mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magagarin nan na babana ne. Daga gidanmu umarnin ya fito."

Ban san yadda na ƙarasa bayanin ba. Shugaba ya saurara, bai yi faɗa ba, na ma so a ce ya yi. Ya mayar da Foman bakin aikinsa da gargaɗi. Ɗan Gayu, wanda na yi wata guda ina harara, shi ya miƙe ya roƙa mini ƙarin lokaci, ya ce da gangan ya zaɓo taragan da suka fi kuka don su ne za su fi ba ni abin da nake nema. Shugaba ya ce taragai ba nasa ba ne, masu su na jira, kuma ba shi da abin da zai kai sama ya nemi wani aron. An rufe binciken.

A waje na tsayar da Foman na ba shi haƙuri, kuma gobe zan sake ba shi a gaban mutanen da suka ji zagin. Na tambaye shi don me bai yarda da ni ba, alhali na gaya masa ƙarara kukan nake so.

Ya ce, "'Yata, duk wanda ya zo daga ofis da na'ura haka yake cewa, aunawa kawai zai yi. Bayan ya tafi sai takarda ta zo da sunan wani. Ni da maigidana, babanki, mun ɗauka ke aka haƙa wa ramin, ba ki gani ba don ƙuruciya. Ya aiko mini da magagarinsa, ya ce kada taragon 'yarsa ya yi kuka a gaban manya."

Na san abin da kuka gani a zamaninku, ba kuma zan ce ƙarya ne ba. Ni ma ai ba a ƙasa na tsinci halin ba. Kai ka zargi shugabannina, ni na zargi kowa da kowa, mutum ɗaya ne bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya. Sai dai na rubuta maka abin da nake nema da hannuna, dalla-dalla, har sau uku. Ba kunne ne ya hana ka ji ba a wannan karon. Ka karanta, ka yanke cewa Auta yarinya ce, ba ta san duniya ba. Wannan ya fi rufe binciken yi mini ciwo.

Yau da hantsi aka haɗa taragan a jirgin Kawu Direba za su koma dako. Na riga na kwance na'urorina, makirufo da wayoyi duk suna cikin akwati an ɗaure. Na fito dai in ga tafiyarsu. Da jirgin ya kai sigina ta bakin yadi ya taka birki, sai tarago na farko, wanda aka fara sassabewa tun farkon wata, ya saki kuka. Takalminsa ya sake gogewa, kamar yadda ka ce yakan yi in baƙi sun tafi. Kuka mai kyau, Baba, dogo, siriri, irin wanda na yi wata ina roƙo. Kowa a yadi ya toshe kunne. Ni ban toshe ba, na tsaya na saurare shi har ya ƙare. Ƙarar da ta cinye maka kunne ke nan, ranar da na zo kama ta kai ka ɓoye mini ita.

Zan sake nema baɗi, ko a ba ni ko a hana. Magagarinka yana wurina, Foman ya ce in dawo maka da shi, amma ban yanke ko zan bayar ba tukuna. Ina nan tafe ƙarshen mako. Ka ce wa Inna kada ta wahalar da kanta. Kai kuma akwai maganar da za mu yi, zan zo da takarda da biro in zauna a gabanka, kuma kada ka kuskura ka cire tabarau ka ce ba ka gani, na san wannan dabarar tun ina ƙarama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai. Ina fushi da kai ƙwarai, kuma ina kewarka.

'Yarka,
Auta